Jami'ar Talakawan Niyok a Zangon Korona: Wa Ya Iya Karatu Daga Gida?

Ranar Laraba 11 ga Maris, 2020, gwamnan jihar Niyok ta Amurka na lokacin, Andrew Cuomo, ya sanar cewa manyan jami'o'in gwamnati biyu na jihar za su daina karatun aji su koma karatu ta intanet daga 19 ga wata. Ɗaya daga cikinsu ita ce Jami'ar Birnin Niyok, wadda aka fi sani da CUNY. Kwana goma ke nan da tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a birnin. Aka bai wa malamai mako guda, daga 12 zuwa 18 ga wata, su kwashe azuzuwa kimanin 50,000 su mayar da su intanet. Da aka buɗe ranar 19, hukumar jami'ar ta ce kashi 95 cikin 100 na azuzuwan sun koma.

Ba a cika mako guda ana karatun ba sai ga wata sanarwa daga shugaban jami'ar, Félix Matos Rodríguez, cewa a sake tsayawa. Dalili kuwa shi ne dubban ɗalibai ba su da abin da za su shiga ajin da shi. Wannan tsayawa ta biyu ce ta sa lamarin CUNY ya cancanci a zauna a duba shi da kyau, domin ba kasafai ake samun babbar jami'a ta fito fili ta ce karatun da take bayarwa yana wuce wasu 'ya'yanta ba. Ga kuma masu bincike na cikin gida da suka bi ɗaliban da tambayoyi, suka duba takardun sakamakonsu, suka bar mana alƙaluman da za a iya dogara da su.

Jami'ar da ɗalibanta

CUNY ba wuri ɗaya ba ce. A 2020 makarantu 25 ne a warwatse cikin gundumomi biyar na birnin: manyan kwalejoji 11 masu ba da digiri, kwalejojin shekara biyu guda 7, sauran kuma na manyan digirori da sana'o'i irin su lauya da aikin jarida. Asalinta wata makarantar kyauta ce da aka kafa a 1847 don 'ya'yan talakawa da na baƙi, kuma sai a 1976, lokacin da baitulmalin birnin ya kusa durƙushewa, aka ɗora wa kowa kuɗin makaranta. A ƙarshen 2019 tana da ɗalibai sama da 270,000. Ɗan jiha yana biyan dala 6,930 a shekara a manyan kwalejojin, dala 4,800 a na shekara biyu, wanda a ma'aunin Amurka araha ce ƙwarai.

Ɗalibanta ba irin waɗanda ake gani a finafinai ba ne, masu kwana a makaranta suna jiran iyaye su turo kuɗi. Yawancinsu daga gida suke zuwa a jirgin ƙarƙashin ƙasa ko bas. Kimanin kashi 42 cikin 100 sun fito daga gidajen da abin da ke shigo musu a shekara bai kai dala 20,000 ba, a birnin da hayar ɗaki kaɗai kan lashe mafi yawan wannan kuɗi. Kusan rabinsu su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. Da yawa suna aiki, wasu suna da 'ya'ya. Wani binciken cibiyar Hope da aka fitar a 2019, wanda ya ji daga bakin ɗaliban CUNY kusan 22,000, ya gano kashi 48 sun yi fama da ƙarancin abinci a cikin wata guda kafin a tambaye su, kashi 55 wurin zamansu ba tabbas, kashi 14 kuma sun taɓa rasa wurin kwana a cikin shekarar. Duk wannan kafin a ji sunan korona.

Duk da haka jami'ar tana yin aikin da aka kafa ta dominsa. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya sa kwalejojin CUNY da dama a sahun gaba a duk Amurka wajen ɗauko ɗan talaka a kai shi matsayin rufin asiri ko sama da haka. Abin da korona ta zo ta taɓa ke nan.

Makonni uku na farko

Jami'o'i masu zaman kansu na birnin, irin su Columbia da NYU, sun riga CUNY sanar da rufe azuzuwa da 'yan kwanaki, har ɗaliban CUNY suka riƙa ƙorafi a shafukan sada zumunta cewa ana wasa da rayukansu. Jinkirin yana da dalilin da ba a rasa ganewa: wanda ya san ɗalibansa na da kwamfuta da ɗaki a gida ba ya jin nauyin cewa kowa ya tafi. Jami'ar Columbia tana da asusun ajiya na kimanin dala biliyan 11 a lokacin. CUNY kuwa da kasafin jiha da na birni take rayuwa.

Daga nan abubuwa suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Laburaren gwamnati na birnin suka rufe a tsakiyar Maris. Makarantun firamare da sakandare suka rufe ranar 16 ga wata, yara fiye da miliyan ɗaya suka dawo gida, ranar 23 su ma aka ce su fara karatu ta intanet. Ranar 22 dokar kulle ta jihar ta fara aiki. 'Yan tsirarun ɗaliban da ke kwana a ɗakunan makaranta aka ce su kwashe kayansu cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, waɗanda ba su da inda za su aka tattara su a gidajen kwanan Kwalejin Queens, ɗaya daga cikin kwalejojin CUNY.

Hutun da aka ba da daga 27 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu an yi shi ne don a raba na'urori, malamai kuma su sake duba yadda suke koyarwa. Jami'ar ta kashe kimanin dala miliyan 12 ta sayo kwamfutocin cinya da allunan iPad wajen 30,000 ta ba ɗalibai aro. Don a cike gurbin kwanakin da aka rasa, aka datse hutun tsakiyar zango ya koma kwana uku, 8 zuwa 10 ga Afrilu, abin da ya fusata wasu domin ya ci kwanakin bukukuwan addini na Yahudawa da Kiristoci. Wasu malamai kuma suka ce an yanke musu karatu daidai lokacin da suka fara kama zaren.

Ni a ganina hukuncin daidai ne, ko da ya zo a makare. Amma akwai tambayar da ya kamata a yi: me ya sa jami'ar da ta san halin ɗalibanta tun 2019 ba ta san nawa ne ba su da kwamfuta ba sai da aka fara karatu? Amsar ita ce ba a taɓa buƙatar sani ba. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta yana zuwa ɗakin kwamfuta na makaranta ya yi aikinsa ya miƙa a kan lokaci, malami bai san komai ba.

Abin da ginin makaranta yake bayarwa

Nan ne zuciyar lamarin. Idan aka ce an mayar da karatu intanet, abin da aka mayar lakca ce da takardun karatu da jarrabawa. Amma ginin jami'a yana ba da wasu abubuwa da ba a rubuta su a jadawali ba: tebur da kujera da shiru a laburare, intanet mai ƙarfi kyauta, na'urar buga takarda, littafin da ya fi ƙarfin aljihu wanda ake aronsa na sa'a biyu, rumbun abinci kyauta da yawancin kwalejojin suke da shi, wurin renon yara ga ɗalibai masu 'ya'ya, ofishin mai ba da shawara, da ɗan aikin da makaranta ke bai wa ɗalibi ya samu na mota. Ga ɗan mai hali, waɗannan ƙari ne a kan abin da yake da shi a gida. Ga ɗan talaka, su ne karatun. Makaranta ta kasance rufin asirin mutane da yawa, rana ɗaya aka yaye rufin.

A ɗauki misali, ba na wata takamaimiyar ɗaliba ba, amma irin halin da dubbai suka shiga. Tana zaune da iyayenta da ƙannenta biyu a gida mai ɗaki biyu a unguwar Corona ko Elmhurst da ke gundumar Queens. Lakcarta ƙarfe goma na safe, daidai lokacin da ƙannen suke nasu ajin. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, ta bar musu ita ta shiga da waya. Mutum uku a kan intanet ɗaya mai rauni, muryar malami tana yankewa, allon da yake rubutu a kai ya zama ɗan mitsitsi a fuskar waya, lambobin lissafi ba sa karantuwa sai ta buɗe su da yatsu biyu, kafin ta gama ya wuce shafi na gaba. Malami ya ce kowa ya kunna kyamara. Ita ta san abin da za a gani a bayanta: gadaje masu hawa biyu, shanyar tufafi, mahaifinta kwance yana tari. Ta bar kyamarar a kashe, ta rufe makirfo saboda hayaniya. A wurin malami, baƙin akwati ne mai suna a ƙasa, wanda ba ya magana a aji. Idan akwai makin halartar tattaunawa, ta rasa shi. Da dare, bayan kowa ya kwanta, sai ta samu kwamfutar ta fara aikin gida da ya kamata a miƙa kafin sha biyu.

A wannan ajin dai akwai wani da ke ɗakinsa shi kaɗai, da ƙofa mai rufuwa da allo biyu a kan tebur. Wata biyu da suka wuce kujerunsu iri ɗaya ne, allon da suke kallo ɗaya ne.

Batun intanet ɗin ma ba sabon labari ba ne ga hukumomi. A Janairun 2020, wata biyu kafin kulle, gwamnatin birnin ta fitar da rahoto cewa kashi 46 cikin 100 na gidajen talakawan Niyok ba su da layin intanet na gida, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su da shi a gida ba su da shi a waya. Kamfanonin intanet sun yi tayin kwana 60 kyauta ga gidajen da ke da ɗalibai, amma da farko an riƙa mayar da gidajen da ake bin su tsohon bashi, wato dai waɗanda suka fi buƙata, sai da aka yi surutu kafin a sassauta.

Na'urorin aron ma suna da iyakarsu. Ƙaramar kwamfutar Chromebook ko iPad ta isa a kalli lakca a rubuta maƙala, amma ba ta ɗaukar manyan manhajojin da ɗaliban injiniya da zane da ƙididdiga suke aiki da su a ɗakunan kwamfuta na makaranta. Masu karatun aikin jinya da kimiyyar ɗakin gwaji kuwa, babu na'urar da za ta maye musu gurbin asibiti ko teburin gwaji. Kuma ko an ba mutum kwamfuta mafi tsada, ba a ba shi ɗaki ba, ba a ba shi sa'a uku da babu mai kiransa ba.

Sai kuma ita kanta cutar, wadda ba ta bi unguwanni daidai wa daida ba. Gundumomin Bronx da Queens ne suka fi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a, kuma nan ne gidajen ɗimbin ɗaliban CUNY: kwalejojin Lehman da Hostos da Bronx Community suna Bronx, na Queens da York da LaGuardia da Queensborough suna Queens. A ƙarshen Maris asibitin Elmhurst ya rasa mutum 13 cikin sa'a 24. A mako na biyu na Afrilu, jim kaɗan bayan an koma karatu, jihar tana rasa kusan mutum 800 a rana. Iyayen waɗannan ɗalibai su ne direbobin bas, masu shara a asibiti, masu kula da tsofaffi a gida, masu kai saƙon abinci, waɗanda aka kira ma'aikatan da ba a iya yi sai da su, aka ce su ci gaba da fita. Ɗaliban da kansu wasu suna bayan kanta a kantunan abinci da na magani. Zuwa watan Yuni, jami'ar ta rasa malamai da ma'aikata 38.

Masu bincike na makarantar kiwon lafiyar jama'a ta CUNY sun tambayi ɗalibai 2,282 a cikin Afrilu. Kashi 81 sun ce kuɗin da ke shigowa gidansu ya ragu. Rabi suna fargabar rasa muhalli. Fiye da rabi sun nuna alamun damuwa ko ƙuncin rai. Wanda yake cikin wannan hali ne ake jiran ya shiga Blackboard, shafin karatun jami'ar na intanet, ya rubuta ra'ayinsa a kan karatun mako, ya kuma mayar wa abokan aji biyu martani.

Kuɗin agaji da waɗanda ya tsallake

Ranar 27 ga Maris aka sa hannu a kan dokar agaji ta tarayya mai suna CARES. Ta ware kimanin dala biliyan 14 ga manyan makarantu, da sharaɗin aƙalla rabi ya tafi hannun ɗalibai kai tsaye. Kason ɗaliban CUNY ya kai wajen dala miliyan 118. Kuɗi ne mai yawa a baki, amma idan aka raba shi da yawan ɗalibai, 'yan ɗaruruwan daloli ne kowa.

Ƙa'idojin rabon sun ƙara buɗe wasu giɓɓa. An lissafa kason kowace makaranta ne bisa ma'aunin ɗalibai masu cikakken karatu, don haka kwalejojin shekara biyu, inda mutane da yawa ke ɗaukar kwas biyu ko uku saboda aiki, suka samu ƙasa da yawan kawunan da ke cikinsu. Ranar 21 ga Afrilu ma'aikatar ilimi ta tarayya, ƙarƙashin Betsy DeVos, ta ce kuɗin na waɗanda suka cancanci tallafin karatu na tarayya ne kawai. Wannan ya fitar da ɗalibai 'yan ƙasashen waje da marasa takardun zama, har da waɗanda aka shigo da su Amurka suna yara ba su san wata ƙasa ba. CUNY tana da dubban irinsu. Haka kuma dala 1,200 da aka raba wa manya a faɗin ƙasa ba ta kai ga ɗalibin da iyayensa suka rubuta shi a takardar haraji a matsayin wanda suke ɗauke da nauyinsa ba, kuma iyayen ba su samu dala 500 ta yara a kansa ba domin ya wuce shekara 16. Ya faɗa tsakani.

Jami'ar ta buɗe nata asusun gaggawa a Afrilu da gudummawar gidauniyoyi da masu hannu da shuni, tana ba da dala 500 ga ɗalibi, daga baya ta ba da fifiko ga waɗanda dokar tarayya ta tsallake. Masu buƙata sun fi kuɗin yawa, har sai da aka koma jefa ƙuri'a.

Núria Rodríguez-Planas, farfesar tattalin arziki a Kwalejin Queens, ta tambayi ɗaliban kwalejin fiye da 3,000 a bazarar 2020. Kashi 39 sun rasa aikinsu, kashi 30 sun sauya shirinsu na kammala karatu. Da ta ware masu karɓar tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, sai ta ga sun fi sauran yiwuwar rasa aiki da kashi 20 cikin 100, kuma duk da sun fi samun kuɗin CARES, sun fi kowa fama da rashin abinci da muhalli. Agajin ya je inda ya dace, bai dai kai zurfin ramin ba.

Rigimar maki

Matakin da ya fi tasiri a zangon bai ci ko sisi ba. Ranar 30 ga Maris kwamitin amintattun jami'ar ya amince cewa ɗalibi zai iya ganin makinsa tukuna, sannan a cikin kimanin makonni huɗu ya zaɓi ko dai ya bar shi, ko a mayar masa da shi "ya ci" ko "bai ci ba", ba tare da ya shiga lissafin matsakaicin makinsa ba. Wanda ya samu D zai iya mayar da ita "ya ci". Wanda ya faɗi kuma faɗuwar ba za ta ja masa matsakaicin maki ƙasa ba.

Don a gane nauyin wannan, sai a san cewa ga ɗalibin CUNY maki kuɗi ne. Tallafin Pell da na jihar Niyok duk suna da sharaɗin kada matsakaicin maki ya faɗi ƙasa da wani mataki, kuma a ci wani adadi na kwasa-kwasai. Ɗan mai kuɗi idan ya faɗi kwas biyu, ya sha faɗa a gida ya maimaita. Ɗan talaka idan ya faɗi kwas biyu, tallafi na iya tsayawa, kuma tsayawar tallafi ita ce ƙarshen karatu. Shi ya sa a binciken Queens aka ga masu ƙaramin ƙarfi sun fi tunanin ajiye kwas don tsoron kada mummunan maki ya taɓa musu tallafi.

An yi muhawara mai zafi a jami'o'in Amurka a kan ko a bar wa ɗalibi zaɓi ko a tilasta wa kowa. Columbia da Harvard da Yale sun tilasta: babu A babu B ga kowa a wannan zango. Hujjarsu ita ce idan aka bar zaɓi, mai ɗaki da intanet zai riƙe A ɗinsa, marar shi zai ɗauki "ya ci", kuma duk mai duba takardar gobe, ko makarantar likitanci ko mai ɗaukar aiki, zai gane wanda ya ɓoye maki. Masu son zaɓi kuma suka ce akwai ɗalibin da yake dogaro da wannan zangon don ya ɗaga makinsa ya fita daga gargaɗi ko ya samu gurbin karatun jinya, kuma tilasci zai cuce shi. Kowane ɓangare da ɗan talaka yake kafa hujja, kuma kowanne yana da gaskiya a kan wani ɗan talakan.

Me ya faru a CUNY da ta bar zaɓi? Rodríguez-Planas ta bi takardun sakamako fiye da 11,000 na Kwalejin Queens daga 2017 zuwa 2020. Abin da ta gano zai iya ruɗa mai karatu da gaggawa. A cikin ɗaliban da dama can makinsu ke ƙasa, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun fi takwarorinsu masu hali matsakaicin maki da kashi 9 cikin 100 a zangon korona. Wanda ya tsaya nan zai ce ashe karatun intanet ya fi karɓar talaka. Amma da ta duba sosai, sai ta ga duk bambancin daga sabuwar ƙa'idar ya fito: sun fi amfani da zaɓin "ya ci" da kashi 35 cikin 100. A ɓangaren haziƙai kuma, ta lissafa cewa da babu ƙa'idar, da makin haziƙan 'ya'yan talakawa ya faɗi da kashi 5 cikin 100 daga inda aka saba ganinsa. Su ne kuma suka fi neman a ɗaga musu kammala kwas zuwa wani lokaci, suka fi fargabar rasa tallafin da ake bayarwa don ƙwazo.

Wannan sakamakon na haziƙai shi ya fi tsaya mini a rai. Su ne waɗanda suka fi kowa cin moriyar laburare da ɗakin kwamfuta da ofishin malami, suka mayar da makaranta gidansu na biyu daga safe zuwa dare. Ƙwazonsu na gaske ne, amma a kan waɗannan abubuwa ya tsaya, kuma da aka janye su sai ya girgiza fiye da na wanda bai taɓa buƙatarsu ba.

Ƙa'idar ta yi aikinta, ta hana mummunan wata uku ya zama tabo na dindindin a takardar ɗalibi. Sai dai ta rufe ido ga wani abu: "ya ci" a lissafi na farko ba ya nufin an shirya wa lissafi na biyu. Kuma duk hukumar da ta kalli matsakaicin makin zangon ta ce ba a yi asara ba, ta auna abin da ita da kanta ta gyara ne.

Waɗanda ba su dawo ba

Ainihin asarar ba a takardar sakamako ta fito ba, a rajista ta fito. A faɗin Amurka, ɗaliban kwalejojin shekara biyu sun ragu da kimanin kashi 10 cikin 100 a zangon ƙarshen 2020. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba gani, domin a matsin tattalin arzikin 2008 cika kwalejojin suka yi, mutanen da suka rasa aiki suka koma karatu. A wannan karo karatun yana buƙatar abubuwan da rashin aiki ya ƙwace: intanet, wuri, da wanda zai riƙe yara. A CUNY ma kwalejojin shekara biyu ne suka fi zubar da ɗalibai, wato inda talakawa suka fi yawa. Jami'ar da ke da ɗalibai sama da 270,000 a 2019 ta koma ƙasa da 230,000 a 2022. Ba korona kaɗai ta jawo ba, domin raguwar ta fara tun kafin ta, amma ita ta mayar da gangara ta zama faɗuwa.

Ita kanta jami'ar ta ƙara wa ciwon gishiri ta wani gefen. A ƙarshen Yuni 2020, saboda tsoron yanke kasafi, ba ta sabunta kwantiragin malaman wucin gadi da ma'aikata kimanin 2,800 ba, kamar yadda ƙungiyar malamai ta PSC ta lissafa, ɗaruruwa daga cikinsu suka rasa inshorar lafiya a tsakiyar annoba. Waɗannan malamai su ne ke ɗauke da yawancin azuzuwan shekarar farko. Raguwarsu tana nufin azuzuwa su ragu, waɗanda suka rage su cika, a daidai lokacin da ɗalibin da ya yi shiru yake buƙatar malami ya lura ya aika masa saƙo. Su ma malaman wucin gadin da yawa a kan teburin girki suka koyar da zangon, da kwamfutarsu da intanet ɗin da suke biya daga aljihunsu.

Akwai kuma wani shinge da ba a cika maganarsa ba. A lokacin, ɗalibin da makaranta ke binsa bashi, ko na 'yan ɗaruruwan daloli ne, ana toshe masa rajistar zango na gaba, a kuma riƙe takardar sakamakonsa, don haka ba zai iya ci gaba ba, ba zai iya komawa wata makarantar da abin da ya riga ya ci ba. Dubbai sun maƙale a nan bayan sun rasa aiki a 2020. Sai a Yulin 2021, da ƙarin kuɗin agaji na tarayya, aka sanar da shirin yafe bashin da ya kai dala miliyan 125 ga ɗalibai aƙalla 50,000, a wata mai bi kuma jami'ar ta daina riƙe takardun sakamako saboda bashi. A lokacin an yi wata 16 da rufe azuzuwa, zangon karatu biyu cikakku sun wuce bayan na farkon, kuma waɗanda bashin ya tsayar tun a 2020 da yawansu sun riga sun kama aiki na cikakken lokaci.